Gaisuwar da Darmaji Ya Hana Ni

Tongyeong, 9 ga Maris

Yaya Sun-rye,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin tsibirinku ya fara sauka, kuma gwiwar nan taki ta daina kumbura. Ni lafiyata ƙalau. Likita ya ce jinina ya ɗan hau, na ce masa shekara sittin da takwas yana hawa yana sauka bai taɓa neman izininsa ba. Alewar kabewar da kika aiko ta iso. Ta cire mini haƙorin roba guda, amma na cinye ta tas. Da kunnenki yana jin waya da ban wahalar da yatsun nan uku da rubutu ba, sai ki yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe.

Shago yana tafiya. Ƙarshen watan nan za a rufe kamun ƙananan kifi, kowa zai koma gyaran koma, igiya kuwa sai fita take yi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ban taɓa ba ki labarin Darmaji ba. Mutumin Indonesiya ne, daga wani gari na masunta da ake kira Tegal, shekararsa talatin da ɗaya, yana aiki a ɗakin injin ɗaya daga cikin jiragen kifin nan. Shekara biyu da suka wuce aka aiko shi sayen igiya, harshenmu ya ƙwace masa a tsakiyar magana, sai na jefa masa Turanci. Ya saki baki yana kallona. Kashegari ya dawo ya ce in koya masa, yana son hawa manyan jirage irin waɗanda na hau. Tun daga nan duk ranar da jirginsu yake gaɓa, muna bayan shago a kan naɗin igiya, ni da shi da allo.

Kin san ni aji uku na sakandare na tsaya. Turancina ba na aji ba ne. Na tsince shi ne kalma kalma a shekara talatin cikin teku, daga bakin Girkawa da Filifinawa da Kyaftin Halvorsen da na yi aiki a jirginsa, kuma duk abin da na tsinta yana cikin baƙin littafin nan nawa. Bong, tsohon hedimastan firamaren nan da muke zama tare, yana kiransa Turancin ɗakin inji. Ni kuwa da shi na yi ciniki a tashoshi arba'in, shi da nasa na littafi bai taɓa sayen ko ruwan sha ba.

Darmaji yana da kai. Kwanaki na sa shi ya rubuta mini ranar da ya bar gida, ya cika shafi biyu. Wai da zai tafi ya kama hannun ubansa ya ɗora a goshinsa, haka suke yi wa iyaye. Kowace ƙasa da nata. Uban ya rasu bara, Darmaji yana can tsakiyar ruwa, bai sami zuwa ba.

Yanzu wa'adin aikinsa ya kusa ƙarewa, zai tafi ranar 19 ga Mayu. Kamfanin su Kyaftin yana da ofis a Singafo, kuma ba sa ko duban mutum sai da takardar wanda suka sani. Ni sun san ni. Na rubuta takardar, na buga mata hatimina, tana cikin aljihun tebur.

Na shirya masa liyafa ranar 15 ga Mayu, Ranar Malamai, a gidan abincin Madam Ok. Duk shekara tsofaffin ɗaliban Bong suna zuwa su zube a gabansa, mu kuwa muna gefe muna tafi. Bana zai ga nawa. Darmaji zai faɗi ya yi mini babbar gaisuwa, goshi har ƙasa, ni kuma in miƙa masa abin da na tara a shekara talatin. Ɗana Gyu-ho bai taɓa so ba. To, ga mai so.

Na haɗa miki busassun kifi, na bana ne.

Ƙaninki,
Yeom Dal-su


Ulleung, 24 ga Maris

Baban Gyu-ho,

Wasiƙarka ta yi kwana goma a hanya, iska ta hana jirgi tasowa. Gwiwa da sauƙi. Ido ne yanzu, na hagu ya yi yana, za a kankare mini watan gobe a Pohang. Kifin ya iso, gishirin ya yi yawa. Haƙorin da ka ce alewa ta cire, dama can rawa yake yi, kada ka ɗora wa alewata.

Rubutunka kamar kiyashi ya faɗa tawada ya fito, amma layin nan na liyafa na karanta shi sau uku da gilashi. Dal-su, kanka ɗaya kuwa? Abin da ka tara a shekara talatin za ka ɗauka ka miƙa wa baƙo a gidan abinci? Shagon nan da gidan da ke samansa, da yatsunka biyu ka saye su. Matarka ta yi shekara da shekaru tana wankin gidajen mutane kana teku. Shi wannan Darmajin, ban ce mugu ba ne, amma ko sunan ubansa ka sani? In ya koma ƙasarsu, wa zai jera wa Baffa, mahaifinka, abinci ranar tunawa da rasuwarsa? Wa zai jera maka kai?

Ubanka da ubana ciki ɗaya suka fito, kuma yau ni ce babba a gidanmu, ko da a ce mace ce kurma a tsibiri. Saboda haka ban jira ka ba. Na sa jikata Mi-ran ta aika wa Gyu-ho saƙo can Kanada ta na'urarta, na ce ubansa zai kyautar da shago. Shekara shida ba kwa magana, na sani, amma ɗanka ne. Ka yi fushi in ka ga dama, teku na tsakaninmu.

Batun Bong kuwa, tun kuna yara kake auna tsayinka da nasa. Kun tsufa, ka bari.

Kada ka sa hannu a kowace takarda sai ka ji daga gare ni.

Yayarka,
Sun-rye


Tongyeong, 6 ga Afrilu

Yaya,

Ina fata za a yi aikin idon lafiya, don lalle yana bukata. Ni lafiya lau, sai dai jinin da kika tayar mini.

Littafi nake nufi! Baƙin littafin Turancina! Shekara talatin na yi a teku, shago kuwa shekararsa goma sha biyar, da kin tsaya kin ƙirga da yatsu da kin gane, ke da naki goma suke cif. Wa ya ce miki zan ba da shago?

Ga abin da saƙonki ya haifar. Ranar Laraba ina auna wa wani igiya waya ta yi ƙara. Gyu-ho ne. Shekara shida ban ji muryarsa ba, ta yi kauri. Ya ce, "Baba, shagon naka ne, ka ba wanda ka ga dama, ni ba na neman komai." Na ce, "Na sani." Na ajiye wayar. Shi ke nan. Na gode miki.

Yanzu ga ainihin damuwata. Makon jiya na ce bari in nuna wa Darmaji yadda ake babbar gaisuwa, kada ya je ya kunyata ni da hannu a karkace. Na shimfiɗa buhu, na nuna masa: hannun hagu a kan na dama, gwiwar hagu ta fara sauka, goshi ya bi hannu. Ni da tsufana na yi sau biyu. Yana tsaye yana kallo. Da na miƙe sai ya ce:

"Malam, wannan ba zan iya ba."

"Gwiwa ce? Kai da kake rarrafe ƙarƙashin inji?"

"Ba gwiwa ba ce, Malam. Goshina ba ya sauka ƙasa sai don Allah. Ko babana ban taɓa yi masa ba."

"Ni na ce maka ni Allah ne? Gaisuwa ce, ta ɗalibi da malami. Ko shugaban kamfani yana yi wa wanda ya koya masa baƙi."

"Na sani. Zan rusuna maka iya yadda bayana zai lanƙwasu. Ka ce in kwashe igiyar shagon nan kaf in sake jerawa, zan yi. Amma wannan, ka yi haƙuri."

"To, haƙurin ma ba ni da shi yau. Buɗe shafi na arba'in."

Yaya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da idona nake ganinsa, a lungun shagona, a kan kwali, yana kai goshi ƙasa sau biyu kafin mu gama darasi ɗaya. Ni na share masa lungun. Ni na ɗauko tsohon kamfas ɗina na jirgi na nemo masa inda zai fuskanta, ya faɗo daidai bangon da nake rataye ƙugiyoyi. Bango yana samu kullum, ni sau ɗaya a shekara biyu an ce a'a.

Ina zargin Bong. Na gan su tare a bakin kasuwa. Ba mamaki ya gaya masa cewa malamin nasa ba shi da takardar shaidar komai, shi ya sa nake da arhar da za a yi mini gaisuwar tsaye kamar mai gadin banki.

Ban janye liyafar ba, na riga na gaya wa kowa. Na ce wa Darmaji takardar Singafo tana jiran ranar, a wurin zan ba shi. Ya gane abin da nake nufi. A bayan shago kowa yana iya taurin kai, amma a gaban mutane zai yi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi a gaban mutane ba, in ban da mutum ɗaya, kuma ba zancensa nake ba.

Dal-su


Tongyeong, 16 ga Mayu

Yaya,

Kwana arba'in ke nan ba amsa. In ido ne, ina yi miki sannu. In fushi ne, ni ya kamata in yi. Ƙafafuna sun ɗan kumbura, ba wani abu ba ne.

Jiya aka yi liyafar. Zan gaya miki yadda ta kasance, ba ƙari ba ragi.

Mu goma sha ɗaya ne. Na hana Madam Ok kawo naman alade ko kusa da teburin, aka yi gasasshen kifi da miyar kaguwa. Ɗaliban Bong uku suka zo, ɗaya likitan haƙori ne mai tumbi, da ƙyar ya kai ƙasa, da ƙyar aka tashe shi. Bong ya karɓi gaisuwarsu yana shafa gemu, sannan ya juyo.

"To, Farfesa, ina naka? Ko jirginsa ya nitse a hanya?"

"Yana zuwa, Hedimasta. Nawa aiki yake yi, ba cire wa mutane haƙori ba."

Sai ga shi da farar riga a goge, da jan fure ya maƙala mini a ƙirji. Ya tsaya ya yi jawabi da Turanci, minti biyar cur, bai duba takarda ba. Ya faɗi yadda ya shigo shagona ba ya iya haɗa kalma uku, ya faɗi yadda na sa shi maimaita sunayen sassan inji har ya riƙa mafarkinsu. Na saci kallon Bong. Yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Bai fahimci ko rabi ba, Yaya! Likitan ne yake raɗa masa fassara.

Na san abin da za ki ce, wai da na tsaya a nan. Ban tsaya ba. Na sa aka ja tebur gefe. Na gyara zama, na miƙe baya, na ajiye ambulan da baƙin littafin a gabana a ƙasa. 

Darmaji ya dubi ambulan, ya dube ni. Ya haɗa ƙafafu, ya rusuna daga tsaye har kansa ya kusa gwiwa, ya daɗe a haka, har na ji ƙarar fankar ɗakin. Sannan ya miƙe. Iyakarta ke nan.

Madam Ok ta ce da shi a hankali, "Ɗana, ƙarasa mana, saura kaɗan."

Ya ce, "Inna, nan ne iyakata."

Sai Bong ya ɗaga kofinsa ya ce, "Ku ƙyale shi. A rabin hanya ya tsaya, kamar karatun malaminsa."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Na ɗauki ambulan na mayar cikin kwat, na ɗauki littafin na sa ƙarƙashin cinyata. Na ce a dawo da tebur. Darmaji ya juyo gare ni. Da harshenmu ya ce, "Malam, na gode da shekara biyu." Ya gai da kowa ɗaya bayan ɗaya, har Bong, ya sa takalmansa ya fita. Madam Ok ta ce, "Mai shago, kifinka ya huce." Na ce haka nake son sa.

Motarsa za ta tashi ranar 19, ƙarfe goma na safe, zuwa filin jirgin Gimhae. In babu takardar nan, ofishin Singafo ba za su buɗe masa ƙofa ba, sai ya wuce Tegal ya koma ƙananan kwale-kwale, Turancin ya ruɓe a bakinsa. Ya san haka sarai. Abu ne na daƙiƙa goma, shi ya zaɓa. Ba ni na hana shi ba.

Ba shawara nake nema ba, labari nake ba ki.

Dal-su


Ulleung, 14 ga Mayu

Dal-su,

An yi aikin ido, an dace. Na yi mako uku a Pohang wajen 'yata, na dawo da bandeji, aka hana ni karatu. Wasiƙarka ta Afrilu tana kan tebur duk wannan lokaci. Mi-ran ta ce za ta karanta mini, na ƙi, don na san bakinka. Jiya na buɗe da kaina. Yanzu ina ganin komai, har ƙurar da ke saman kabad, har muninka a hoto.

Batun shago na yi kuskure. Na faɗa, sau ɗaya, kada ka sa ran na biyu.

Amma gara kuskurena da abin da kake shirin yi. Ka ce mutum ɗaya ne ya taɓa ƙi a gaban mutane, kuma ba zancensa kake ba. To, ni zancensa nake. Ina ɗakin ranar tunawa da matarka, shekara shida da suka wuce. Gyu-ho ya taso tun daga Kanada, shi ya yi cefane, shi ya fere 'ya'yan itace ya jera. Ya ce maka ya shiga coci, ba zai faɗi gaban teburin ba, zai tsaya ya yi wa uwarsa addu'a. Yana tsaye yana hawaye ka jefa masa jakarsa waje. Ka riga ka rasa ɗa ɗaya a kan goshi. Yanzu ka samo na wani za ka ƙara.

Bari in tuna maka wata gaisuwa. Ranar da za ka tafi teku kana shekara goma sha bakwai, bayan Baffa ya cire ka daga makaranta ya sa ka dakon kifi. Ka faɗi gabansa, hannu daidai, gwiwa daidai, goshi har ƙasa, maƙwabta suna cewa ga yaro mai tarbiyya. Ka tashi ka yi shekara tara ba ka aiko masa ko layi ɗaya ba. Ni nake karanta masa wasiƙun da kake aiko mini, ina ƙara "a gai da Baba" a ƙarshe daga kaina. Kai ka fi kowa sanin abin da ke cikin waccan gaisuwar.

Bong bai gaya wa yaron komai ba, ko ya gaya masa bai dame shi ba. Wanda ya raina malami ba ya shekara biyu a kan naɗin igiya.

Ba shi takardarsa. Ban san ko wannan za ta same ka kafin liyafar ba, an ce gobe ma akwai iska.

Yayarka


Tongyeong, 24 ga Mayu

Yaya Sun-rye,

Na ji daɗi ido ya buɗe. Ki riƙa sa maganin a kan lokaci, kada ki ce kin warke ki watsar. Kumburin ƙafata ya sauka. Na je wajen likitan haƙorin nan mai tumbi ya mayar mini da na roba, hannunsa da sauƙi, ban ce masa ba.

Wasiƙarki ta iso ranar 22, kwana uku bayan tafiyar Darmaji. Saboda haka duk abin da za ki karanta a ƙasa, ba ke kika sa ni ba. Ina so wannan ya zauna.

Ranar 18 na buɗe shago da safe. Darmaji yana da mabuɗin ƙofar baya tun bara. Na tarar an share lungunsa, an naɗe kwalin an jingine, kamfas ɗina yana kai an goge shi har yana ɗaukar ido. Mabuɗin yana gefe. Littattafan aikinsa guda bakwai an ɗaure su da ƙullin da na koya masa, wanda ba ya zamewa. Na duba ko ya bar wata 'yar takarda ta roƙo. Babu. Da ya roƙe ni da na ƙi, na san kaina. Bai roƙa ba. Na kwance ƙullin na zauna ina buɗe littattafan, na farko duk jan alƙalamina ne, na bakwai sai in wuce shafi uku ban ga ja ba. Wani ya shigo neman igiya na ce ba a buɗe ba.

Ranar 19 na tuƙa motar kayana zuwa tasha. Ba kwat, da rigar aiki na je. Yana layi da jaka ɗaya da kwali ɗaure. Na ce:

"Kai, ka manta kayanka."

Ya juyo. Takardar da ke ɗauke da sunan Kyaftin ba a miƙa ta da hannu ɗaya, ko ga na baya, don haka na ciro hannuna na dama daga aljihu, na miƙa masa ambulan da littafin da hannu biyu. Bai karɓa nan da nan ba.

"Malam, ban yi ba fa."

"Na san ba ka yi ba, ai ina wurin. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Na ce in ya shiga ofishin ya ɗaga murya, mutanen jirgi duk rabin kurame ne. Na ce shafukan ƙarshe na littafin zagi ne na Girkawa, ya karanta don ya gane in an yi masa, amma kada ya mayar sai ya shekara. Ya yi dariya, ya cusa ambulan cikin riga.

Kin san ba na barin hannun nan a waje. Tun da injin naɗe igiya ya cinye yatsun, a aljihu yake kwana yake tashi, ko gaisawa da hagu nake yi in ce na dama da maiƙo. Ina shirin mayar da shi sai ya cafke. Da hannu biyu. Na ja, bai saki ba, hannun mai inji ne. Ya sunkuya ya ɗora shi a goshinsa, dungun da komai, ya riƙe a nan. Tun rasuwar maman Gyu-ho ba wanda ya taɓa hannun nan sai likita. Goshinsa da zafi. Sai shafi biyun nan da ya rubuta suka faɗo mini a rai.

Ya ɗago ya ce, "Tun ranar da na bar Tegal ban yi wa kowa ba."

Na ce, "Mota za ta tashi."

Direba ya leƙo ya ce, "Baba, in an gama ɗaurin auren, akwai masu jirgin sama a ciki." Na ce ya kama bakinsa, tun ba a haife shi ba nake kama jirage. Darmaji ya hau. Daga taga ya yi mini sallama da Turanci, jimla uku, na saurara da kyau ban sami abin gyara ba. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Ba wanda ya gani sai direban da wata tsohuwa mai kwandon kabeji. Bong bai gani ba. Jiya ya tambaye ni, "Farfesa, ɗan rabin hanya ya tafi?" Na ce ya tafi. Ban ƙara masa komai ba, ba nasa ba ne.

Batun "a gai da Baba" da kika riƙa ƙarawa, ban sani ba sai yanzu. Ba zan ce komai a kai ba.

Kwalin yana nan a jingine, ban sami lokacin jefar da shi ba.

Abu na ƙarshe. Ranar tunawa da maman Gyu-ho tana zuwa a watan tara. Tunda Mi-ran ta iya aika saƙo Kanada ba tare da izinina ba, ta aika wannan da izinina. Ya zo. Ya yi cefanen, ya fi ni sanin 'ya'yan itace masu kyau. In an jera teburin, ya tsaya a tsaye in haka yake so.

Layin da kika ga na soke a nan, cewa na yi kada ki ce ni na ce. Ki ce ni na ce.

Ƙaninki,
Yeom Dal-su